Ɗan Agwagwa a Ɗakin Goggo

Ba wanda ya shawarci Goggo ranar da aka jawo janareto aka girke shi ƙarƙashin tagarta. Fitowarta ke nan daga wanka, da bokiti a hannu, ta tarar da direba yana buga wa injin rumfar kwano a lungun da ke bayan ɗakinta, Manaja, mai gidan, na tsaye a kansa yana nuna masa inda zai kafa ƙusa.

Injin ya sha yawo a gidan kafin ya iso nan. An fara ajiye shi a jikin katangar gaba, maƙwabci ya aiko cewa ƙara ta hana jaririnsa barci, aka ɗauke don gudun ɓacin rai. Aka kai shi kusa da babban ɗaki, matar gidan ta wuni da ɗaurin kai tana cewa kanta zai tsage. Aka matsar da shi gefen rumfar mota, Manaja ya shafa ƙofar motarsa ya ga baƙi-baƙi a yatsa, ya ce sam ba zai yiwu ba. Kowa ya sami mai tsaya masa, har mota. Da aka duba, sai aka ga saura lungun Goggo.

"Ɗan nan, a nan za a bar shi?" ta tambaya.

"Na ɗan lokaci ne, Goggo. Da zarar ƙwan nan sun ƙyanƙyashe za a ɗauke. Kuma ke ai kunnenki ya yi nauyi, ƙarar ba za ta dame ki ba."

Ya faɗi haka yana murmushi kamar wanda ya yi mata kyauta. Gaskiya ne kunnen Goggo ya yi nauyi, sai dai ba da kunne ake numfashi ba, kuma Manaja ya yi karatun da ya isa ya san haka.

Ɗan ƙaninta ne. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, har sunan Na-Goggo ya bi shi makaranta. Yanzu daga ofis har gida Manaja ake ce masa, matarsa ma haka take kiransa in da mutane. Tun da aka fara maganar ritayarsa ya ƙudurta sai ya buɗe gonar agwagi. Ya sayo injin ƙyanƙyasa ya kafa a ɗan siton da ke manne da ɗakin Goggo, ya sa aka kawo masa ƙwan wata irin farar agwagwa daga nesa, wadda ya ce in ta girma hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Ƙwai ba sa son sanyi ko na ɗan lokaci, wutar lantarki kuwa a unguwar baƙuwa ce, ta leƙo ta gaisa ta koma. Saboda haka janareto ba ya hutawa sai in za a zuba masa mai.

Rumfar kwanon da aka yi don kada ruwan sama ya taɓa injin ita ta hana hayaƙin tashi sama. Bakin salansa na kallon tagar, tagar kuwa gilashinta ɗaya ya fita tun bara. Hayaƙin bai sha wahalar neman hanya ba.

Da fari ciwon kai ne da yajin ido. Daga nan farin mayafinta da ke rataye a ƙusa ya koma ruwan toka, ta wanke, ya sake komawa. Sai tari ya zo ya zauna. In ta yi kaki ta duba, sai ta ga baƙi kamar ta lashi gindin tukunya. Matar da ke share tsakar gida tas kafin kowa ya tashi, yanzu in ta kai tsakiya sai ta dogara da bango ta jira numfashi ya dawo.

Ta sami matar gidan a kicin tana yanka albasa.

"'Yar nan, hayaƙin nan yana shigo mini."

"Ki rufe taga mana, Goggo."

"Ai kin san gilashi ɗaya babu."

"To ki cusa tsumma. Ni maganar inji ba tawa ba ce. Kin san halin ɗanki a kan ƙwan nan, in na sa baki sai a ce baƙin ciki nake da sana'arsa."

Roƙo ba ɗabi'ar Goggo ba ce, amma ta daure ta ce, "Ɗakin baƙi fa? Kafin a ɗauke injin kawai."

Matar gidan ta ajiye wuƙa ta juyo gaba ɗaya.

"Haba Goggo, ɗakin da aka yi wa sabon fenti? In baƙo ya faɗo babu sanarwa fa, ina za mu kai shi? Ga ki da tari, ga kaki. Ba wai ƙyama ba, amma kin san mutanen yanzu."

Duk wanda ya ce maka ba wai ƙyama ba, to ya gama faɗa maka abin da ke ransa. Ɗakin baƙin nan a kulle yake tun da aka yi masa fentin, da gado a gyare, da fanka, da manyan tagogi biyu masu kallon bishiyar tsakar gida. Ba mai kwana a ciki sai ƙadangare in ya sami kafa. Goggo ta koma ta yage tsohon zaninta ta cusa a gurbin gilashin. Hayaƙin ya ragu kaɗan, iska kuma ta daina shigowa gaba ɗaya.

Manaja ba zai yarda a ce bai kula ba. Ya dawo daga ofis da kwalbar maganin tari da alewa mai yaji da man shafawa a ƙirji, ya aika mata ta hannun direba. Ya ce ranar Asabar in Allah ya kai mu za a je asibiti. Asabar ta zo da taron ofis. Ta gaba ta zo da bikin ɗan wani abokinsa. Ta bayanta kuma mota ce ke wurin makaniki. In 'yan'uwa sun buga waya suna tambayarta, tana jin muryarsa daga tsakar gida, don shi in yana waya har kurma ma ya ji: "Goggo lafiya lau, tana nan muna ta fama. Ɗan tarin tsufa ne, kun san jiki in ya kwana biyu. Ai ba abin da ta nema ta rasa."

Ita kuwa ba ta taɓa ce masa ni na goya ka ba. Ta riƙe cewa tuna baya shi ne roƙo, kuma ba za ta roƙi ɗan da ta share wa majina ba. Ta zuba wa ƙwan ido tana jira.

Ranar da aka ƙyanƙyashe, gidan ya ɗauka kamar an yi haihuwa. Cikin faranti guda na ƙwai, ɗaya tal ya fasa ya fito, sauran suka ruɓe, direba ya kwashe su yana toshe hanci. Manaja ya zagi wanda ya sayar masa, ya zagi masu wuta, sannan ya tallabo ɗan agwagwan a tafin hannu yana ɗaukarsa hoto ta gaba ta baya, yana tura wa abokansa. Ɗan abu ne rawaya, gashinsa bai gama bushewa ba, ƙafafunsa na rawa.

"A falona dai ba zai zauna ba," in ji matar gidan. "Kashin agwagwa ba ya fita a kafet. A kai wa Goggo, ai ba aikin da take yi, kuma ta san kiwo."

Haka aka shigo da kwali ɗakin Goggo, da garin katako a ƙasansa, aka jawo waya daga sito aka rataya ƙwan fitila a kansa don ɗumi. Aka jingine buhunan abincin tsaki a bayan ƙofa. Goggo ta bari sai da Manaja ya gama gyara kwalin, sannan ta ce, "To alhamdu lillahi, an ƙyanƙyashe. Yaushe za a ɗauke injin?"

"Goggo, guda ɗaya fa aka samu. Na riga na zuba wasu ƙwan tun da safe. Kuma shi wannan ɗin, fitilarsa da me za ta ci?"

Ta so ta tsani tsuntsun. Ta yi niyya ma, don dai saboda shi da 'yan'uwansa ruɓaɓɓu aka hana ta shan iska. Amma da aka fita aka bar su, ya ɗaga kai yana 'yar tsuwa yana neman uwar da babu, sai niyyar ta watse. Ta sa masa suna Maraya. Ta sami murfin gwangwani mai ɗan zurfi ta zuba ruwa, yadda zai iya tsoma baki har hanci, don ta san agwagwa da ruwa take wanke hancinta. Ta jiƙa masa abinci ya yi laushi kada ya shaƙe. Ta kwashe garin katakon mai ƙura ta shimfiɗa masa ragowar zanin da ta yaga. In ya ji sanyi ya takure, ta sauko da fitilar. In ya ji zafi ya koma lungun kwali, ta ɗaga. Ya saba da hannunta, da ta miƙo sai ya hau ya kwanta. Rabon da wani mai rai ya yi murnar ganinta a gidan har ta manta.

Wani abu kuma ya sauya. Manaja, wanda a da sai ya yi makonni bai taka ƙofar ɗakin ba, yanzu kullum da safe yana nan kafin ya tafi ofis. Yakan shigo da hankici a hanci, ya ce "Goggo ina kwana" idonsa na cikin kwali, ya tsuguna ya tambayi ko ya ci, ko ya sha, ko kashinsa ya yi ruwa. Hankicin nan ya fi komai ci wa Goggo rai. Wanda bai sani ba ana yi masa uzuri, shi kuwa hancinsa ya sani sarai.

Ba a jima ba Maraya ya rage ci. Wata safiya ta gan shi a tsaye a lungun kwali, ya miƙe wuya sama, baki a buɗe, 'yar jelarsa na hawa da sauka da kowane numfashi. Ta ɗauke shi ta kara a kumatunta, ta ji ɗan ƙirjin na aiki kamar zugazugi. Ta naɗa auduga a tsinken ashana, ta tsoma a ruwan ɗumi, ta goge masa kafofin hanci a hankali. Audugar ta fito da baƙi. Goggo ba ta buƙaci a gaya mata ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin numfashinta ne sak, sai dai nasa ƙarami.

Ta fitar da shi tsakar gida a cikin mayafinta, ya ɗan farfaɗo, amma sanyi ya kama shi, dole ta mayar da shi gindin fitila. Tana zaune a bakin gado tana kallonsa, ita tana ja yana ja, sai wata dabara ta faɗo mata. An ƙi ɗauke injin saboda ita. To, saboda shi fa? Wannan tsuntsu da ake ɗauka hoto, ake tambayar kashinsa kowace safiya, ai ba za a bari hayaƙi ya kashe shi ba. In aka ɗauke injin don Maraya, ita ma ta sha iska a albarkacinsa. Abin da ciwo a ce tsohuwa sai ta raɓu da ɗan agwagwa kafin ta sami numfashi a gidan ɗanta, ta kuma ji ciwon har ƙasan ranta. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da Manaja ya shigo, ba ta ambaci kanta ba ko da kalma ɗaya.

"Ɗan nan, dubi tsuntsunka. Numfashi yake nema."

Ya tsuguna, fuskarsa ta sauya nan take. "Tun yaushe? Me kika ba shi? Goggo, ko kin bar shi ya jiƙe?"

"Ban bar shi ya jiƙe ba. Ni dai da za ka ji tawa, da ka kira mai ilimin abin ya zo nan ɗakin ya gani da idonsa. Kada a ɗauke shi a kai, iska za ta buge shi a hanya. Ya zo nan."

Ba a jira Asabar ba. A tsaye a wurin Manaja ya buga wa ofis ya ce yana da uzuri, ya buga wa likitan dabbobi, ya tura direba ya ɗauko shi.

Kafin su iso, matar gidan ta shigo da saurinta. Ta yaye zanin gado ta dunƙule, ta tura akwatin Goggo da takalmanta da kwanon kakinta ƙarƙashin gado, ta cire mayafin daga ƙusa. Sannan ta jawo buhunan abincin tsaki ta jibge su a kan katifa.

"Me ya kawo wannan kuma?" in ji Goggo.

"Gyara nake, kada baƙo ya shigo ya ga wuri a hargitse."

Wanda ya ga ɗakin a lokacin zai rantse sito ne. Ashe matar gidan ma ta san akwai abin kunya a ciki, ta dai zaɓi ta lulluɓe shi da buhu.

Likitan mutum ne mai ɗan furfura, ba shi da yawan magana. Ya gaida Goggo da ladabi, ya ɗauki Maraya ya buɗe masa baki, ya duba hanci da ido, ya kara shi a kunne. Bai gama ba idonsa ya fara ruwa. Ya ajiye tsuntsun, ya shafa bango da yatsa ya duba. Ya je taga ya ture tsumman da Goggo ta cusa, tsumman ya faɗa waje, hayaƙi ya bugo masa fuska, ya ja da baya yana tari.

"Wannan ba cuta ba ce, hayaƙi ne," ya ce. "Huhun ɗan tsuntsun nan bai kai ƙwayar wake ba, kun ajiye shi a bakin salansa. Ko ƙato ya daɗe a ɗakin nan sai ya kwanta. Akwai mai kwana a nan?"

"A'a, ba kowa," in ji Manaja, ko ƙifta ido bai yi ba. "Ɗakin ajiya ne. Goggo ce dai takan shigo ta duba shi da rana."

Likitan ya dubi buhunan da ke kan gado, sannan ya dubi Goggo, wadda ke tsaye a jikin ƙofa tana danne tari da bakin zani.

"Haka ne, Iya?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Kalma ɗaya ta isa. Ta dubi Manaja, ta ga gumi a goshinsa, ta ga idon nan da yake yi mata tun yana yaro in ya yi fitsarin kwance, ta tashi da asuba ta wanke shimfiɗar kafin ubansa ya gani. Shekara da shekaru tana rufa masa asiri, bakinta bai san wata hanya ba. Kuma a ganinta ba sai ta tona shi gaban baƙo ba, tunda likita ya riga ya kama ɓarawon.

"Haka ne, ɗana," ta ce.

"To, ɗayan biyu ne," in ji likitan. "Ko a ɗauke injin daga nan, ko a ɗauke tsuntsun."

Goggo ta sunkuyar da kai don kada a ga abin da ke fuskarta.

"Injin ba shi da wurin zuwa, likita," in ji Manaja. "Mun gwada ko'ina."

"To a fitar da shi yau ɗin nan, kada ya ƙara wuni a nan. A sama masa ɗaki mai iska, nesa da lungun nan, a ja masa fitilarsa can. Abincin ma a kwashe, yana shan hayaƙi. In an yi haka zai tashi, ba sai da allura ba." Ya ɗauki jakarsa, ya tsaya a gaban Goggo. "Iya, tarin nan naki bai yi mini ba. Ni ba likitan mutane ba ne, amma a kai ki a duba ƙirjinki, kada a yi wasa."

"Asabar za mu je," in ji Manaja, ya riƙe masa jaka ya raka shi har mota.

Mabuɗin ɗakin baƙi, wanda aka ce ba a san inda yake ba ranar da Goggo ta so shanya katifarta a ciki lokacin ruwa, ya fito daga jakar matar gidan cikin ƙiftawar ido. Aka buɗe tagogin biyu. Aka naɗe kafet, aka shimfiɗa leda. Da direba ya dawo, aka tura shi ya sayo doguwar waya. Manaja da kansa ya ɗauki kwalin da hannu biyu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwanon miya cike, yana cewa a kauce a kauce. Ba wanda ya tuna da sabon fenti, ba wanda ya tambayi inda za a kai baƙo in ya faɗo.

Goggo ta ga dabararta ta juye, amma ba ta fid da rai ba tukuna. Ai inda jinya ta koma, can mai jinya take komawa. Wa ya san zurfin ruwan da yake sha, wa ya san yadda ake goge masa hanci? Ta ɗauki murfin gwangwanin da audugarta da 'yar tabarmarta, ta ratsa tsakar gida, ta tsaya sau biyu tana hutawa. Daga bakin ƙofar ɗakin baƙi ta ji iska mai sanyi ta taɓa fuskarta, ta ja ta har ƙasan ƙirji. Ta hango Maraya a cikin kwali, har ya fara rufe baki.

Matar gidan ta tare ƙofar da hannu.

"Goggo, ina zuwa da tabarma?"

"Wurin tsuntsun. Lokacin ruwansa ya yi."

"Kawo, ni zan ba shi. Ai kin ji abin da likita ya ce a kan tarinki. Kada ki shafa masa."

"Hayaƙi ya ce, 'yar nan. Ya ce ba cuta ba ce."

"Ya dai ce tarin bai yi masa ba, da kunnena na ji. Rigakafi ya fi magani."

Ta zare murfin gwangwanin daga hannun Goggo da 'yan yatsu biyu, ta ce sai an wanke shi da ruwan zafi. Manaja na tsugune a gaban kwali yana daidaita fitila, bai juyo ba ya ce, "Ki je ki huta, Goggo, kin yi ƙoƙari wallahi. Don lafiyarki ma muke yi, wahalar ta yi miki yawa."

A nan ne abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙi haɗiyuwa. Ta kira shi da sunan da rabonta da shi tun kafin ya yi aure.

"Na-Goggo. Ni fa?"

Ya juyo. Ya dube ta, har ta ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya yi 'yar dariya, irin ta mai rarrashin yaro.

"Haba Goggo, ke ai kin saba. Shi jariri ne."

Ba da mugunta a fuska ya faɗa ba, kuma wannan ne abin ƙyamar. Da ya daka mata tsawa ma da ya fi, a ce fushi ne. Ya auna ne cikin natsuwa, ya ɗora tsohuwar da ta goya shi a hannu ɗaya, ɗan tsuntsun da bai yi wata a duniya ba a ɗayan, ya ga wanda ya fi nauyi. Irinsu ne ke riga kowa kuka ranar da aka rasa tsoho, su zauna a tabarmar gaisuwa suna ba da labarin yadda suka yi jinya, mutane na cewa Allah ya ba da lada.

Goggo ta juya da tabarmarta ta koma.

Janareto ya mutu a lokacin, mai ya ƙare, gidan ya yi tsit. Ta zauna a gefen katifa, a ɗan wurin da buhuna suka rage mata. Direba ya shigo yana kwasar kaya. Ya ɗauki buhu ya fita, ya dawo ya ɗauki wani, duk shigowa sai ya ce "Sannu Goggo" yana kallon ƙasa. Ya naɗe tsohuwar wayar, ya kwashe ragowar garin katako, ya ɗauki ɗan kwanon abincin. Ya share wurin da kwalin ya zauna, inda siminti ya fi sauran ɗakin haske. Ta miƙa hannu taga za ta gyara tsumman, ta tuna likita ya ture shi. Ta leƙa ta gurbin gilashin ta gan shi can ƙasa, a cikin baƙin mai, kusa da ƙafar injin.

Manaja ya zo ya tsaya daga tsakar gida, hankici a hanci, bai ƙaraso ƙofar ba.

"Kai, an gama? Likita ya ce kada a bar komai ya sha hayaƙin nan. Saura me a ciki?"

Direba ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ya dubi bango, ya dubi bayan ƙofa, ya dubi ƙasa. Idonsa ya biyo ta kan gado ya wuce da sauri.

"Babu komai, yallaɓai. An kwashe duka."

"To ja ƙofar, kada hayaƙin ya biyo tsakar gida ya kai wa tsuntsun. Ka zuba mai ka tayar, ƙwan nan za su huce."

Aka ja ƙofar. Goggo ta jawo zanin gadonta daga inda aka dunƙule shi, ta shimfiɗa, ta kwanta ta ba tagar baya. Duk da nauyin kunnenta ta ji lokacin da direba ya ja igiyar injin, ya ƙi tashi, ya sake ja, ya kama.